Shekarar da Aka Yi Mini Aiki a Wuya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya bar mini wannan hannun har yau yana iya riƙe biro, ko da rubutun yana karkacewa.

Ba labarin haihuwata ko makarantun da na zauna zan ba ku a nan ba, kun sha jin su. Shekara guda nake so in tsaya a kanta, shekarar da aka yi mini aiki a wuya. Innarku ta gaya mini cewa da ƙaramar salla, bayan na shiga ciki, Abba ya ce wa Hadiza ita ce ta kai ni aka kashe mini murya. Ta ce Hadiza mayafinta kawai ta ɗauka ta koma Shinkafi tun kafin la'asar. Ku biyu ne manyan gidan nan, ƙannenku ku suke kallo. To bari in faɗa muku yadda abin ya kasance, tunda wuyan nawa ne.

Kun taso kun tarar da ni ladanin masallacin unguwarmu a Kaura. Tun kafin a kawo lasifika nake hawa dakali in yi kira, masu sauke kaya a wajen tsohuwar tashar jirgi sukan ce da muryata suke sanin azahar ta yi. Ban tara dukiya ba, ban riƙe muƙami ba. Muryar nan ita ce abin da aka san ni da shi. Ciwon wuya kuwa na daɗe da shi, kuma wanda ya yi shekaru yana ɗauko damin gero daga gonarmu ta wajen Banga ba ya mamaki in wuyansa ya yi tsami. Sai in shafa man zafi in ci gaba da harkata. Amma da farkon daminar waccan shekarar abin ya canza kama. Yatsuna suka fara mutuwa, kamar na sa safar hannu mai kauri. Ina jan tasbaha ba na jin ƙwayar da ta wuce. Maɓallin riga ya gagare ni, na koma sa riguna marasa maɓalli ban gaya wa kowa dalili ba. Ƙafafuna suka yi nauyi, takalmi yakan sulluɓe mini a hanya ban sani ba sai na taka tsakuwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruku'u. Da na sunkuyar da kai sai wani abu ya tsarga mini daga ƙeya har diddige, kamar na taɓa wayar lantarki.

Innarku ce ta fara ganewa, muna cin tuwon rana.

“Malam, mi yas samu hannunka? Loma na kuɓuce maka tun shekaranjiya.”

“Sanyin damina ne,” na ce mata.

Ta dube ni. Ta san abin da nake tsoro, don tare muke zuwa Zurmi gaida Yaya Mamman, wana, wanda a lokacin ya daɗe a kwance ba ya iya motsa komai daga ƙirji zuwa ƙasa. Shi ma da mutuwar yatsu ya fara.

Wata rana da azahar ina alwala a bakin masallaci, na miƙe zan zuba ruwa a ƙafa, santsi ya kwashe ni. Ba wata babbar faɗuwa ba ce, haɓata ce ta bugi bakin kwata, kaina ya lanƙwashe baya. Amma da na kwanta a wurin sai na ji ba ni da hannu, ba ni da ƙafa. Ina ganin butar tana tsiyaya kusa da fuskata, ina jin mutane suna salati a kaina, na ce wa hannuna ya tashi, ya ƙi. Ban san tsawon lokacin ba. Daga baya wani zugi ya dawo cikin yatsuna, aka kama ni aka kawo ni gida. Ranar wani ne ya kira salla, ina kwance ina jinsa.

Abba ya zo daga kasuwa hankali a tashe, ya kira wanzami aka yi mini ƙaho a kafaɗu. Jini ya fita, ciwon yana nan. Sai ya kawo maganar wani maɗori a Jangeru da ake cewa yana gyara wuya da hannu. Washegari Hadiza ta iso daga Shinkafi, inda take aiki a ƙaramin asibiti. Ta sa na miƙe na yi tafiya a tsakar gida, ta ga ina tangaɗi ina ware ƙafa. Ta ba ni allurar ɗinki ta ce in ɗauka daga kan tabarma, na kasa. Sai na ga fuskarta ta canza, tana ƙoƙarin ɓoye mini.

“Baba, wanga ba aikin ƙaho ba ne. Don Allah kada ka bari kowa ya murɗa maka wuya. Mu tahi a yi hoto.”

A Gusau aka fara, daga can aka tura mu babban asibiti a Sakkwato. Aka kwantar da ni a kan wani gado siriri, aka tura ni cikin wata na'ura mai kama da rami, rufinta dab da hancina, tana ƙara kamar ana bugun ƙarfe. Aka ce kada in motsa ko kaɗan. Ba abin da ya zo mini a rai sai kabari. Na rufe ido ina karanta abin da na iya har aka jawo ni waje.

Likitan ƙashi da laka mutum ne mai natsuwa, bai kai Abba shekaru ba. Ya ɗaga hoton ya nuna mini. Ya ce ƙasusuwan wuya a jere suke ɗaya bisa ɗaya, tsakaninsu akwai guringuntsi mai laushi, ta cikinsu kuma akwai hanya da laka take bi ta sauka daga ƙwaƙwalwa, ita ce ke kai saƙo hannu da ƙafa da mafitsara. Da tsufa guringuntsin yakan bushe ya ɓullo, ƙashin ya yi tsiro, hanyar ta ƙuntace. Ya sa tsinin biro a wani wuri, na ga lakar ta matse kamar an ɗaure tsakiyar buhu.

“Baba, hanya uku ce, zan faɗa maka su duka, sannan in faɗa maka wadda nake gani. Ta farko, ba a yin aiki. A ba ka abin tallafe wuya, da maganin zafi, da motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi, kana dawowa muna dubawa. Wannan ta fi dacewa da wanda ciwonsa bai yi nisa ba. Takan rage zafi, amma ba ta buɗe hanyar da ta toshe. Kai kuma ya riga ya taɓa hannu da tafiya, ka kuma faɗi sau ɗaya. Faɗuwa ta gaba tana iya kwantar da kai gaba ɗaya.”

Ya ce ta biyu aiki ne ta baya, ta ƙeya, a buɗe rufin ƙasusuwan don lakar ta samu sarari. Ta uku aiki ne ta gaba, ta gefen maƙogwaro, a cire guringuntsin da ke danne lakar, a sa wani abu a gurbinsa, a haɗe ƙasusuwan da ɗan ƙarfe. Wuyan zai rage juyawa. Ya ce kowane aiki yana da haɗarinsa, jini, ko ruɓewar miki, ko abin da ake gudu ya faru a kan gadon tiyata, ko da yake ba kasafai ba. Kuma kada in sa rai zan koma saurayi, manufar aikin a tsayar da ciwon ne, abin da ya dawo daga baya ƙari ne. Sannan ya ce ta gaban tana bi kusa da jijiyar murya. Da yawa murya takan dushe ta dawo, wasu kaɗan ba ta dawowa yadda take.

“Likita, ni ladan ne,” na ce. “A yi ta bayan mana.”

Ya sake duba hoton.

“Da zai yiwu da na yi maka. Amma naka ta gaba yake danne lakar, wuyanka kuma ya riga ya ranƙwafa gaba. In na buɗe ta baya, lakar za ta ci gaba da zama a kan abin da ke matse ta. Ba zan yanka ka a banza ba. Ka je ka yi shawara da iyalinka, amma kada ka daɗe.”

Da muka dawo Kaura gidan nan ya rabu biyu. Abba ya zauna a zaure ya ƙi cin abinci.

“Baba, wuya fa anka ce. Wurin da ake aza wa rago wuƙa. In hannunsu ya goce, wa za mu kama? Ga ka da ranka, kana tahiya, kana kiran salla. Ni ban yarda ba.”

Hadiza ta ce masa, “Yaya, tahiyar nan da kake gani ƙarewa take yi.”

Ba don ƙeta Abba ya ƙi ba, tsoro ne, kuma irin nawa ne. Don haka na zaɓi hanya ta farko. Ku riƙe wannan: Hadiza ta so a yi aiki tun lokacin, ni na ƙi, ta kuwa yi mini biyayya. Ita ta sayo abin wuyan, ita ke zuwa duk mako ta sa ni motsa yatsu yadda aka koya mata. Na sa abin wuyan har damina ta wuce, ina salla a zaune, ina kira da shi a wuyana. Zafin ya ragu, gaskiya. Amma ƙafafun suna ƙara nauyi. Kafin a gama yankan gero na fara dogara sanda. Sai kuma fitsari ya fara matsa mini ba shiri. Wata la'asar ina tsakiyar kira na ji ya taho, na ƙarasa da ƙyar, na fito ta ƙofar baya riga a jiƙe. Innarku kaɗai ta san wannan sai yau.

Bayan nan ne na ce Abba ya raka ni Zurmi wurin Yaya Mamman. Mun tarar da shi a ɗakinsa na soro, an jingina shi da filo, ya rame har ƙashin fuskarsa ya fito. Ɗakin yana warin magani da wani warin da ba sai na faɗa ba. Matarsa, tsohuwa ita ma, ita ke juya shi saboda gyambon kwanciya. Da ya ga abin da ke wuyana sai ya kafe ni da ido. Usman ne sunana, amma shi Manu yake ce mini tun muna yara.

“Manu, kai ma ya kama ka?”

Na ba shi labarin likita da hanyoyin nan uku, har da maganar murya.

“Ni ba a ba ni zaɓi ba,” ya ce. “Wani mutum anka kawo, ya kama kaina ya murɗa, na ji ƙas, daga nan ban sake tsayuwa ba. Ban riƙe shi ba, taimako ya zo yi. Amma ka gan ni, muryata lahiya lau take. Da ita nike kiran matata ta kawo mini kaskon fitsari. Ran da anka ce ɓarayin daji sun kusa gari, kowa ya watse, ni da ita munka zauna nan muna saurare. Na ce ta tahi, ta ƙiya.”

Bai ce in yi ba, bai ce in bari ba. Da za mu tafi ya ce in matso ya ji hannuna, na sa nawa a cikin nasa, ni ba na jin nasa sosai, shi ba ya iya riƙe nawa.

A hanyar dawowa, rana tsaka, mun bar Zurmi da ɗan nisa, sai muka ga motocin gabanmu suna juyowa a guje, masu babur suna ɗaga mana hannu. Daga cikin daji muka ji harbi. Direbanmu ya so ya juya, tayar ta faɗa rami, motar ta mutu. Kafin in gane abin da ake ciki kowa ya fice, har mata masu goyo, sun shige cikin karan dawa. Ni kuwa na kasa fitar da ƙafata daga ƙofar mota. Na ce wa Abba ya gudu, yana da ƙananan yara. Bai ko saurare ni ba. Ya durƙusa ya goya ni kamar jariri, ya shiga gona da ni yana gudu yana tuntuɓe a kan kunya. Duk takun da ya yi sai wutar nan ta tsarga mini har diddige. Na san in ya faɗi da ni shi ke nan. Na kuma san in mutanen nan suka biyo mu, mu za su fara cimma, saboda ni. Ina jin bugun zuciyarsa a ƙirjina, yana haki yana cewa, “Riƙe ni, Baba, riƙe ni,” alhali hannuwan nawa ba sa riƙo.

Muka kwanta a cikin wani kwazazzabo har harbin ya yi nisa. Allah ya tsare, ba ta wajenmu suka bi ba. Da la'asar sakaliya aka turo motar muka taho Kaura.

Abba, a cikin kwazazzabon nan na yanke shawara, kana kwance kusa da ni ƙafarka duk ƙaya. Hadiza tana Shinkafi, ba ta ma san mun je Zurmi ba. Na duba ƙasar da muke ciki, na ga wanda ba ya iya ɗaga ƙafarsa a wannan zamanin ba kansa kaɗai yake jefawa a haɗari ba. Na tuna matar Yaya da ta ƙi tafiya. Washegari da safe ni na kira Hadiza na ce ta nemi likitan. Da na gaya maka, kuka ka yi, ka ce in na tafi ba za ka iya rakiya ba, amma ranar tafiya kai ne na farko a cikin mota.

Ran aikin an tura ni a kan gado ina kallon rufin ɗaki yana wucewa. Na yafe wa kowa, na nemi a yafe mini. Mai allurar barci ya ce in yi ta ambaton Allah, ban kai ƙarshen kalmar shahada ta biyu ba. Da na farka, abin da na fara yi shi ne neman ƙafata. Na ce wa babban yatsa ya motsa, ya motsa. Na ga Innarku a gefen gado, na buɗe baki zan ce mata alhamdu lillahi, sai iska kawai ta fito.

Kwanakin farko ko kunu da ƙyar nake haɗiya. Likita ya ce mu ba muryar lokaci. Ta dawo kaɗan-kaɗan, har ta kai yadda kuke jinta yanzu, ta isa hira a zaure, ba ta isa a ji ta a tsakar gida daga ƙofa ba. Da muka koma bayan wasu watanni aka leƙa maƙogwaron, ya ce gefe ɗaya ya yi rauni, kuma mai yiwuwa a haka zai tsaya. Ya ba ni haƙuri. Na ce masa ai ya faɗa mini tun farko. Sau ɗaya na gwada kira bayan nan, da azahar. Na kama lasifika, kabbarar farko ta fito a tsage, ta biyu ta maƙale. Na miƙa wa na kusa da ni na koma sahu na zauna. Ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba. Har yau in lokaci ya yi ƙirjina yakan cika da iska da kansa, sai in tuna.

Ga kuma abin da na samu. Wutar ruku'u ta tafi. Fitsari ya daidaita. Ina cin tuwo da hannuna, ina zuwa masallaci da sanda ba mai riƙe ni, ina shiga makewayi ni kaɗai. Maɓalli har yanzu yana ba ni wuya, yatsu biyu na hagu ba su farfaɗo ba, kuma likita ya ce watannin da na yi ina jinkiri suna cikin dalili. Da Yaya Mamman ya rasu, da ƙafata na bi gawarsa har maƙabarta. To wannan shi ne cinikin, ni na yi shi ido buɗe. Kada wani ya sake aza wa Hadiza.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni sakewa kwanan nan. Abba, ranar Juma'ar da ta wuce muna zaune a zaure wani ya yi maka sallama daga baya, na ga ka juya da dukan jikinka maimakon wuyanka. Da aka kawo shayi ka karɓa da dama, ka mayar hagu, kana yarfe hannun daman a ɓoye a gefen riga. Na tambaye ka, ka ce kwanciya ka yi a kansa. Mai yiwuwa haka ne, ina roƙon Allah ya sa haka ne. Amma ka yi shekaru kana dakon buhunan hatsi a kasuwar Shinkafi kafin ka samu masu ɗaukar maka, kuma ni na san yadda mutum yake ɓoye hannu.

Ba na ce aiki za a yi maka ba. Wanda ya je da wuri, sau da yawa hanya ta farko ta ishe shi, ana dubawa ana lura. Ka je wurin ƙanwarka ta kai ka a yi hoto. In tsoron na'urar kake ji, zan bi ka in zauna a bakin ƙofa. Ba ni da muryar da zan ɗaga maka yanzu, shi ya sa na rubuta.